Yayan Malamin Lissafi

Makarantar tana ƙarshen wani titi ne da masu gyaran mota suka cinye rabinsa, don haka duk wanda ya yi karatu a cikinta ya saba jin darasi haɗe da bugun ƙarfe. A nan Malam Don-Me ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, hannun rigarsa na dama kullum fari fat da alli, domin ba ya da haƙurin neman abin goge allo. Yara ne suka laƙa masa sunan. In ka ba shi amsa, ko daidai ce, ba zai ce madalla ba, sai ya karkata kai ya ce, "Don me?" Tun ana faɗa a ɓoye har ya zama shugaban makaranta ma da shi yake kiransa, haka matarsa in ta so tsokana.

Tambaya ɗaya takan cinye masa darasi guda. Yakan zo da tsohuwar jarida ya rarraba wa yara, su yi ta naɗewa suna yagawa har sai sun gani da idonsu cewa rabin rabi kwata ne. In yaro ɗaya ya tsaya, aji duka ya tsaya ke nan. Iyaye suna ganin girmansa. A titin nan in aka ce "malamin lissafi" ba a ƙara komai, an san wanda ake nufi.

Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya rasu Malam yana gab da gama kwalejin horar da malamai. Ya bar masa tsohuwa da ƙanne, na ƙarshensu kuwa namiji ne da kowa ke kira Auta. A hannun Malam ya tashi. Kan Auta ba ya ɗaukar lissafi yana yaro. Da la'asar Malam zai zaunar da shi a ƙofar ɗakin tsohuwa ya yi ta bayani, Auta yana kallonsa da ido jawur, majina na zuba.

"Yaya, ni dai nuna mini yadda ake yi," yakan ce. "Bar ni da don me."

Da haka Auta ya samo tasa hanyar. Sai ya kama irin tambaya ɗaya ya yi ta maimaita ta har hannunsa ya haddace, ko da kansa bai gama yarda ba. Ya ci jarrabawarsa da ƙyar, ya shiga kwaleji, ya fito, abin mamaki da takardar koyar da lissafi. Malam ne ya yi ta safa da marwa a ofishin shugaban makaranta har aka ɗauke shi. Aka ba shi ajin da ke jikin na yayansa. Bangon da ya raba su bai kai rufi ba, saboda haka abin da aka faɗa nan ana jin sa can.

Shekarun farko lafiya lau. Auta yana riƙe wa yayansa jaka in za su tafi gida, mutane suna ce masa ƙanen Malam.

Ana haka sai ma'aikatar ilimi ta fito da jarrabawar bai-ɗaya. Duk 'yan aji uku na makarantun yankin za su zauna rana ɗaya su amsa tambayoyi iri ɗaya. Ba dogon rubutu, ba nuna hanyar da ka bi. Amsoshi huɗu ne a gabanka, ka zaɓi ɗaya ka cike ɗan da'irarta da fensir, na'ura ta duba. Makarantar tana da aji uku guda biyu, ɗaya a hannun Malam, ɗaya a hannun Auta.

Malam ya yi dariya a ɗakin malamai. "Yanzu na'ura ce za ta gaya mini yaron da ya iya lissafi? To ita ma ta zo ta karɓi allin mana."

Auta kuwa tashi ya yi. Ya je ma'aikata ya samo samfurin tambayoyin, ya sayi ƙaramin agogo ya ɗora a kan teburinsa. Daga nan muryarsa ta fara tsallako bango.

"In tambaya ta gagare ka, kada ka zauna kana mata zaman makoki, wuce. Cikin amsoshi huɗun nan, biyu ko a mafarki ba su ba ne, watsar da su. Sauran biyun, ɗauki ɗaya ka mayar cikin tambayar ka ga ko ta zauna. Lokaci ya cika, ajiye fensir."

Malam yana ji, yana girgiza kai, yana ci gaba da yaga jaridarsa. A ransa tausayin ƙanensa yake ji. Har ya shirya kalaman da zai lallashe shi da su in sakamako ya fito.

Ranar da ya fito, shugaban makaranta ya hau ɗan dandamalin taron safe yana ta washe baki. Ya ce ajin Auta ne ya zo na ɗaya a duk yankin. Yara suka ɓarke da tafi, har masu gyaran mota suka leƙo ta saman katanga. Sannan ya rage murya ya ce ɗaya ajin ma ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara taimako. Bai faɗi matsayinsa ba, wannan kuwa ya fi faɗar ciwo. Malam ya yi tafi tare da kowa, ya ma fi kowa daɗewa yana yi, don kada a ce. Da ya koma aji ya ɗauki alli, sai allin ya karye a hannunsa.

Ma'aikata ta aiko wa ajin Auta kyautar farin allo, irin wanda ake rubutu a kansa da maka, da kuma fanka ta sama. Da aka kunna fankar, ragowar iskarta takan tsallako ta saman bango ta ɗaga takardun da ke teburin Malam. Sai ya samo dutse ya danne su. Ya gaya wa malamin tarihi cewa shi warin makar nan ma hawa masa kai yake yi. Amma wata rana da aka tashi, aji ba kowa, ya shiga ya ɗauki makar ya ja layi ɗaya a farin allon. Santsi kamar mai. Ya goge da sauri da hannun riga, ya tafi gida da baƙin tabo maimakon fari, matarsa ta yi ta tambayar inda ya samo shi.

Abin da ya fi tsaya masa a wuya a shagon aski ya faru. Sabon mai aski ne, bai daɗe a titin ba. Yana cikin yi masa gyaran fuska ya ja baya ya dube shi.

"Kamar na san fuskar nan. Ba kai ne yayan malamin lissafin nan ba?"

Malam ya buɗe baki, amma aska tana kusa da maƙogwaronsa, sai ya ce, "Ni ne."

"Kai, kun yi sa'ar yaro. Ina so a mayar mini da ɗan yayata ajinsa. Ko za ka sa mana baki?"

A gida ma bai tsira ba. Auta ya kawo wa tsohuwa takardar yabon da aka ba shi. Ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe ta da hannu biyu, ta sa aka buga ƙusa aka rataye ta a saitin gadonta.

"Ka ga yaron da kake ranƙwashi," ta ce wa Malam. "Ashe kan yana nan, ɓuya ya yi."

"Ai ni na koya masa, Inna."

"To shi ya sa ya kamata ka fi kowa murna."

"Ina murna mana."

"Haka fuskar murna take a wajenku 'yan boko?"

Matarsa ta ƙunshe dariya ta shige kicin.

Ba wai Malam ba ya son ƙanensa ba ne. Da wani zai taɓa Auta, da sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne yaron da ya share wa majina yau shi ake nunawa da yatsa, kuma da hanyar da shi Malam ya raina. Sai ya zama ba ya da zance sai na jarrabawar. A ɗakin malamai, a bakin titi, a wajen gaisuwar mara lafiya, duk inda ya zauna sai ya kawo ta. Ya ce ba ilimi take aunawa ba, saurin hannu take aunawa. Ya ce an mayar da yara masu canki-canka. Da yawa daga abin da yake faɗa gaskiya ne, sai dai kowa yana jin abin da ke ƙarƙashin muryar, don haka ba a ɗaukar gaskiyar. Da ya fara sai malamai su tuna suna da aikin dubawa.

Shekara ta juyo, ajin Auta ya sake zuwa na ɗaya. Aka kira Auta wani taron bita a babban gari, shugaban makaranta ya roƙi Malam ya riƙe masa aji. Malam ya shiga ƙarƙashin fankar nan kamar wanda aka ba dama. Ya rubuta a farin allo: shida a raba da rabi. Kafin ya juyo, aji duka ya amsa da murya ɗaya, "Sha biyu."

"Yaya kuka yi?"

"A kifa na biyun, a ninka."

"Don me ake kifa shi?"

Yaran suka hau kallon juna.

"An ce rabawa muke yi. Ya aka yi muka raba shida, ta fito ta fi shida yawa? Kun taɓa raba abu ya ƙaru?"

Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, ai ba a tambayar wannan a jarrabawa."

Daɗi ya kama Malam har kunnensa. Bai ma tsaya ya koya musu dalilin ba, shi da ba ya barin yaro cikin duhu. Ya kwashi labarin ya kai ɗakin malamai da zafinsa, ya maimaita wa duk wanda ya shigo, har da kwaikwayon muryar yarinyar. Kafin Auta ya dawo, labarin ya riga shi isa gida.

Auta ya ci gaba da aikinsa. Amma bayan 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da Malam, aka ce Auta ya riƙe nasa ajin. Da yamma ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana juya makullin babur a hannu.

"Yaya, yaranka sun iya abin da suka iya. Wallahi har na ji kunya, wani yaro ya bayyana mini abin da ni kaina haddace shi na yi. Amma na zana musu da'ira na ce su nemo faɗin cikinta, suka ce ba su zo nan ba. Kusurwoyi ma ba su zo ba. Kashi ɗaya cikin uku na manhajar ba su taɓa ganinsa ba, ga jarrabawa ta ƙarato."

"Gara su san kaɗan da kyau."

"Haka ne. Amma ajin gaba ba zai jira su ba. Da can ba wanda ya san ba ka kaiwa ƙarshen littafi, sai da jarrabawar nan ta zo."

Malam ya yunƙura ya tashi zaune. "Ni za ka koya wa koyarwa? Kai da sai da na yi shekara ina fama kafin ka san bakwai sau takwas?"

"Ban manta ba, Yaya."

"To tashi ka ba ni wuri, kaina ciwo yake."

Auta ya tashi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Malam ya juya ya fuskanci bango. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ya san maganar gaskiya ce. Shekara da shekaru shafukan ƙarshen littafinsa sababbi ne ƙal, ko lanƙwasa babu.

Malam yana da 'ya ta fari da ake kira Aku saboda surutu. Da ta kai aji uku, shi da kansa ya sa aka rubuta ta a ajinsa. Tana da kai, kuma ita kaɗai ce ba ta tsoron tambayarsa, kafin ya ce don me ta riga shi. Yana alfahari da ita ƙwarai, ko da yake ba ya nunawa.

A lokacin Auta ya fara darasin ranar Asabar kyauta ga duk mai so. Wata Asabar Malam ya tuna ya bar tabaransa a aljihun tebur, ya nufi makaranta. Yana wucewa ta tagar ajin Auta sai ya hango ta. Aku ce a layin gaba, ta sunkuya a kan takarda, fensir na gudu, tana ɗaga kai tana duban agogo. Da safen nan ta ce masa gidan ƙawarta za ta. Auta ya ce a ajiye fensir, ya duba takardarta, ya ce, "Duka daidai." Irin murmushin da ta yi wa baffan nata, Malam bai taɓa ganin ta yi shi a ajinsa ba. Ya juya ya koma gida ba tabarau.

Ya sami matarsa tana shanya. "Kin san inda yarinyar nan take?"

"Na sani. Ni na ba ta kuɗin mota."

"Wato har a cikin gidana."

"Malam, gidan wa ta je? Wajen ƙanenka ta je, uwa ɗaya uba ɗaya. Da wajen wani ta je, da sai ka ce mun fita da sirrinka waje." Ta matse riga ta yarfa. "Kai dai ka faɗi abin da ke cin ka, ka huta."

Da Aku ta dawo ta tarar da shi a tsakar gida, ta gane. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Me na rage ki da shi?" ya tambaye ta.

"Ba komai, Baba."

"To me kika je nema?"

Karo na farko a rayuwarta surutun ya ɗauke. Can ta ce, "Baba, a ajinka ina ganewa. Amma ba na gamawa. In na ga tambaya sai in tsaya ina tunanin dalilinta, kafin in ɗago an karɓe takarda. A wajen Baffa nake koyon gamawa." Ta ɗago kai ta dube shi. "Kuma abin da ka koya mini ne yake sa nake riga 'yan ajinsa. Su in an juya tambayar kaɗan sai su rikice."

Rabin maganar yabo ne, amma kunnen Malam bai kama wannan rabin ba. Ya ce ta tashi ta je ta ci abinci. Bai hana ta zuwa ba, bai kuma ƙara tambayarta ba.

Sati na gaba sai ga agogon bango a ajinsa. Ya ce wa masu tambaya na gida ne ya lalace, ya kawo shi nan don ya riƙa lura da shi. Ya daina zuwa da jarida. Ya fara gudu da manhaja, fuska a ɗaure, yana ba da tambayoyi yana karɓe takarda. Ya rage murya don kada a ji ta bayan bango, amma bangon nan ba ya riƙe sirri. Yaran suka ga da'ira, suka ga kusurwoyi, suka kai bangon littafi a karon farko. Wasu da a da yake tsayawa ya jira su, ya wuce ya bar su, yana ganin idanunsu yana kauda kai. Wani yaro mai in'ina da ya fara buɗe baki a ajin ya koma kujerar baya ya yi shiru har ƙarshen shekara. Wannan ya daɗe yana damun Malam.

Sakamako ya fito, ajinsa ya hau sosai, ya zo na huɗu a yankin. Aku ce ta fi kowa maki a makarantar. Ajin Auta kuwa yana nan a inda yake. A taron safe shugaban makaranta ya ce, "Muna godiya ga Malam Auta, wanda hasken aikinsa ya haska har maƙwabta." Ya waiwayo ya yi wa Malam murmushi, a zatonsa ya kyauta.

Ba a daɗe ba ma'aikata ta ɗauke Auta, ta kai shi sashen shirya jarrabawa. Aka ba shi ofis da motar aiki. Shugaban makaranta ya ce Malam ya koma ajin mai fanka, ai shi ya fi cancanta. Malam ya ce shi sanyi ba ya yi masa. Aka ba wani sabon malami, shi kuwa ya ƙarasa shekarunsa a inda ya fara, da allinsa da agogonsa. A shekarun ƙarshe ya samo wata tsaka-tsakiya, farkon mako na jarida, ƙarshensa na agogo. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Da ya yi ritaya aka yi ɗan taro, tsofaffin ɗalibai suka zo da yawa fiye da yadda ya zata, Auta ne babban baƙo, kuma shi aka fi ɗauka hoto.

Tsohuwa ta riga ta rasu a lokacin. Aku tana jami'a tana karatun gine-gine. Malam ya koma zaman ƙofar gida da rediyo, sai wata yamma motar Auta ta tsaya. Ya fito, shi ma furfura ta fara, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar yayansa kamar da.

"Yaya, taimako na zo nema. Jarrabawar nan ta fi ƙarfinmu. Duk dabarun da na ƙirƙiro sun bazu, kowace makaranta su take koyarwa. Maki yana ta hawa, malaman manyan aji kuma suna ta kuka, wai yaran da muke turo musu ba su san komai ba. Ina son tambayoyin da dabara ba ta cin su. Na zauna na rubuta, duk wadda na rubuta sai in ga ni kaina na san yadda zan zagaye ta."

Malam ya rage rediyo. Shekaru yana jiran jin wannan magana, ga ta ta zo, amma a ƙofar gida, ba kowa sai su biyu da akuyar maƙwabta.

"Ku da kuke da na'ura, me za ku yi da tsoho?"

"Yaya."

"Ba ni da lokaci."

Auta ya dubi rediyon, ya dubi kujerar. Ya shiga ya gaida matar yayansa ya tafi.

Kwana biyu Malam yana cika yana batsewa. A na uku matarsa ta same shi da takardu a baje a tabarma yana rubutu yana murmushi shi kaɗai. Ya yi makonni a kai. Da ya gama ya ba ta ta kai, ya ce ta gaya wa Auta tsofaffin takardu ne ya tsinta yana share ɗaki. Auta ya aiko da godiya, ya kuma ce dokar aikin ba ta bari a faɗi sunan wanda ya rubuta tambaya. Malam ya ce shi da ma bai nema ba.

A shekarar nan yara suka faɗi jarrabawar lissafi ba kaɗan ba. Gari ya ɗauka. Malam yana dawowa daga asibiti wajen duba idonsa, ya shiga tasi, sai ya tarar ana zancen. Wata mata a baya, da kwandon kayan miya a cinya, tana ta faɗa.

"Yarona bai taɓa faɗuwa ba sai bana. Wai ɗaki ne aka ninka tsawonsa biyu, aka ninka faɗinsa biyu, ninki nawa na tayil zai ci. Ya ce ninki biyu, wai bai ci ba."

"To ai ninki biyun ne," in ji direba. "Zalunci ne kawai."

Malam ya gane ta nan take. Tambayarsa ce, ta uku a takardun da ya aika. Ya gyara zama ya ce, "Huɗu ne." Ya buɗe tafin hannunsa ya zana musu da yatsa: ga ɗakin farko, ga wani a gefensa, ga biyu a samansu. Direba ya saci kallo, sai da suka wuce shataletale sannan ya buga sitiyari.

"Wallahi huɗu ne. Kai, wanda ya rubuta wannan mugu ne, amma akwai kai."

"An ce wani ne a ma'aikata," matar ta ce. "Da can malami ne a makarantar titin makanikai, ajinsa kullum na ɗaya. Ya gama cin moriyar dabara, yanzu ya zo ya toshe wa 'ya'yan mutane. Ni dai ban yafe masa ba."

Malam ya ji maganar ta taso masa har baki. So yake ya ce ba shi ba ne, ni ne, ni za ki ƙi yafewa. Ya dubi matar, ta haɗe rai tana ta zagin ƙanensa, har da su mai ƙaton kai, shi kuwa wani abu yana cin sa kamar an raba kaya an hana shi nasa kason. Ya haɗiye. Da aka zo kwanar gidansa bai ce a tsaya ba. Ya bari sai da tasi ta kai unguwar su Auta.

Ya same shi a falo ya cire takalmi, idanu sun faɗa don gajiya, waya tana ta ƙara a gefensa ya ƙi ɗauka. Auta ya miƙe ya ba shi kujera.

"Ana ta zagin ka a gari," in ji Malam.

"Na sani, Yaya. Tun safe ban huta ba. Amma malaman manyan aji sun kira, sun ce a ci gaba a haka."

"Kai suka kira?"

"Ni suka kira."

Malam ya gyaɗa kai a hankali. Matar Auta ta kawo shayi ta gaishe shi, ya amsa, ya kurɓa.

"Tambayar tayil ɗin nan," ya ce. "Ni falo na rubuta, kuka mayar da shi ɗaki. Wa ya ba ku izini?"

"Kwamiti ne ya ga kamar ba kowane yaro ne ya san falo ba."

"Kwamiti." Ya ajiye kofin. "Na baɗi in na aiko, ko wasali kada a taɓa mini. Kuma ka kawo mini sakamakon kowace tambaya in ga inda suka fi faɗuwa."

Auta ya ce to. Haka suka ci gaba shekaru da dama, ɗaya yana rubutawa a tabarma, ɗaya yana shan yabo da zagi a ofis. Malam bai daina cewa jarrabawar bai-ɗaya ba ta koya wa kowa komai ba, kuma bai taɓa makara wajen aika tambayoyinsa ba.